Kwana Ukun Da Kunya Ta Cinye Mini

Shekaruna ashirin da shida a lokacin, ina wani aikin wucin gadi a garin da babu wanda ya san ɗan gidan wa nake. Ba zan ba ku labarin daren ba. Na aikata abin da bai dace ba da wadda ban san komai nata ba sai sunan da ta faɗa mini da lambar wayarta, kuma babu kwaroron roba. Na tuba, tuban kuwa tsakanina da Ubangijina ne. Abin da nake so ku ji, ƙannena, shi ne wautar da na tafka bayan gari ya waye.

Da hantsi na nufi wani kemis a bakin tasha. Na tsaya ina jujjuya kwalin man shafawa har sai da masu sayayya suka watse, sannan na ce wa yaron shagon ƙasa-ƙasa ya ba ni "na wanke jini". Bai tambaye ni komai ba. Ya ƙulla mini kafso huɗu masu ja da rawaya a 'yar leda, na haɗiye biyu nan take da ruwan leda, na tafi ina ganin na kashe magana.

Ashe akwai agogon da ya fara tafiya tun daren. Akwai maganin da ake kira PEP, wanda ke iya hana ƙwayar ƙanjamau kama jiki bayan an yi mu'amala mai haɗari. Sharaɗinsa a fara sha cikin awa 72, kuma gwargwadon saurinka gwargwadon amfaninsa, sannan a sha kullum har kwana 28. Ana samunsa a asibitocin da ke da sashen kula da masu ƙanjamau. Ni kuwa kwana ukun nan a ɗaki na ƙarar da su, ina fargabar kada in haɗu da idon sani a layin karɓar kati.

A rana ta biyar fitsari ya zama mini kamar barkono, ga wata mugunya a wando. Rana ta shida na kai kaina asibiti dole. Da na gama kame-kame na faɗi ranar da abin ya faru, likitan ya ƙirga da yatsunsa ya ce, "Malam, ina ka tsaya?" Bai yi mini wa'azi ba. Tambayoyi ya yi: an sa kwaroro ko ba a sa ba, ta wace hanya aka yi, na ga wani ƙurji ko miki, an taɓa yi mini rigakafin ciwon hanta? Da amsoshin nan ake auna haɗari, ba da kyawun fuska ko tsabtar tufafi ba.

Ciwon sanyi ne ya kama ni. Aka yi mini allurar ceftriaxone, aka haɗa ni da ƙwayoyin mako guda saboda kilamidiya, wata cutar da ake ɗauka ta hanyar saduwa, wadda sau da yawa tare suke tafiya. Kafson da na sha kuwa bai tsinana komai ba. Ƙwayar sanyi ta daɗe da gagarar irin waɗannan magunguna, kuma shan guntu-guntu na daga cikin abin da ya ƙara mata taurin kai.

A ranar aka soki yatsana aka gwada ƙanjamau. Layi ɗaya ya fito, babu. Don murna har tsire na saya a hanya. Ma'aikaciyar jinyar ta ce in dawo, amma kunnena bai ɗauka ba, sai da na ga ranakun da ta rubuta a bayan katina. Gwajin yatsa ba ƙwayar kanta yake nema ba, martanin da jiki ya mayar mata yake nema, shi kuwa yakan ɗauki daga kusan mako uku har zuwa wata uku kafin ya bayyana. Wato sakamakon da na ci wa tsire labarin kafin daren nan ya ba ni. Na koma a mako na shida, na sake komawa bayan wata uku, sannan hankalina ya kwanta.

Watanni ukun nan ban taɓa ganin masu tsawonsu ba. 'Yar mura ta kama ni, sai in raba dare ina duba alamomi a intanet, ina latsa wuyana ina neman kaluluwa. Wahalar banza ce, don alama ba ta tabbatarwa, rashinta ma ba ya wanke mutum. Tunjere yakan fito da miki marar zafi bayan kamar mako uku, ya warke da kansa, ciwon kuwa yana nan a jini. Ciwon hanta nau'in B ma ana iya ɗaukarsa ta hanyar saduwa, ga shi ba ma tsoronsa kamar ƙanjamau, alhali binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya samu ƙanjamau a kashi 1.4 cikin ɗari na manya, ciwon hanta kuwa kusan kashi 8. Yana da rigakafi, allura uku. Ku nemi a gwada ku duka, kada ku tsaya a ƙanjamau kaɗai.

Ƙannena mata, naku ya fi ɓuya. Sanyi da kilamidiya sukan zauna a jikin mace shiru babu alama, su haura su toshe hanyar ƙwai, sai an yi aure haihuwa ta ƙi zuwa a fara zargin kishiya ko aljanu. Kuma kada mai maganin gargajiyar da ke shela da lasifika ya ruɗe ku da sunan "sanyin banɗaki"; waɗannan cututtukan ba a bakin masai ake kwasarsu ba.

Likitan ya ce in sanar da yarinyar don ita ma a yi mata magani, wataƙila ba ta ma san tana ɗauke da shi ba. Na yi mako biyu ina jan ƙafa, ina tsara yadda zan fara maganar. Ranar da na daure na kira, layin a kashe yake, kuma har na bar garin bai sake shiga ba.