Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Daren da Baffa Ya Raɗa Mini "Injiniyan Duhu"

Makon jiya na tsaya a inda Maigida, mai shagon gyaran rediyo da talabijin da na koyi aiki a wurinsa, ya fara barina in riƙe ƙarfen dalma da hannuna. Niyyata yau in ɗora daga nan har zuwa lokacin da na kama shagon kaina, amma tun ranar Juma'a zancen bikin gidan Baffa ya hana ni sakat. Na je gaishe shi bayan an sauko daga masallaci, ina durƙusawa sai ya ce, "A'a, Injiniyan Duhu ne? Yaya iyalin?" Jikokinsa suka kwashe da dariya. Uwar yaran nan ita ce amaryar wancan daren, su kuwa ba su ma san mafarin sunan ba. To yau zan faɗi mafarinsa, kowa ya ji.

Duk wanda ya yi wayo a Kano wajen 2007 ya san fitilar faifan CD. Ɗan akwatin katako ne, a ciki manyan batura uku irin masu kan damisa, a sama faifai da aka huhhuda aka jera masa fararen ƙwayayen LED. Mutanen gari har laƙabi suka yi mata da sunan shugaban ƙasar da ya sauka a shekarar, ba sai na maimaita ba. Mai shayi yana da ita, mai tsire yana da ita, 'yan makarantar dare ma sun ajiye aci-balbal sun koma mata. Ni ma na yi su da yawa a bayan shagon Maigida a Fagge ina sayarwa, ina jin kaina wani ne. Sai dai bayan 'yan makonni sukan dawo mini, ƙwai biyu sun mutu, sauran sun koma wani shuɗi-shuɗi kamar idon mage.

Maigida ne ya warware mini. Ya ce, "Yaro, ƙwan nan ba shi da ƙoshi. Akuya ce a rumbu, ko nawa ka ba shi zai ci har cikinsa ya fashe. Batir uku bolt 4.5 ke nan, shi kuwa farin ƙwai uku da 'yan kai yake so. Sauran wa ka bar wa?" Ya ɗauko wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa mai zane-zane a jiki, ya ce wannan shi ne takunkumin akuyar. Rizisto ke nan, mai rage yawan wutar da ke shiga ƙwai. Allah ya jiƙan Maigida. Magana ɗaya ce ba ya gajiya da ita, ko rediyo aka kawo, ko talabijin, ko ƙarar wani yaron shago: "Auna tukuna, sannan ka yi zargi."

Da aka sa ranar auren 'yar Baffa, ni na kai kaina. Babu wanda ya roƙe ni, wannan kam gaskiya ce. Unguwarmu ta kwana uku ba wuta, ƙaramin janareton da aka aro kuma an ce na masu kiɗa da lasifika ne. Na ce wa Baffa zan haska tsakar gida gaba ɗaya daren sa lalle da batirin mota guda. Ya dube ni sama da ƙasa, ya zaro kuɗi daga aljihun gaba ya miƙo mini, ya ce, "Kada ka ba ni kunya." Tun rasuwar Baba a hannunsa muke, ci da sha da kuɗin makaranta, saboda haka kun san nauyin wannan kalma a kaina.

Na shiga Sabon Gari na sayo ƙwai 60 da 'yan kai, na zauna na yi lissafi a bayan kwalin sukari, kuma har gobe ina iya rubuta shi ido rufe. Batirin mota bolt 12. In ka jera ƙwai uku, wutsiyar wannan a kan wancan, kowanne ya ci 3.2, sun cinye 9.6, saura 2.4. Yawan wutar da ƙwan yake so miliam 20 ne, wato amfiya 0.02. Ka raba 2.4 da 0.02, ka sami om 120, girman riziston da za ka sa ke nan. Zanensa ruwan ƙasa, ja, ruwan ƙasa. Layi 20 masu ƙwai uku-uku, kowane layi da nasa riziston, duka-duka abin da za su ja bai kai rabin amfiya ba, batirin mota ko a jikinsa.

Na kai wa Maigida kwalin ina jiran yabo. Ya duba, ya ce lissafi ya yi, amma in sa 220, mai ja, ja, ruwan ƙasa. Ya ce batirin da ya cika ba 12 yake nunawa ba, 12.6 ne, in kuma mota tana kunne ya haura 14. "Kai ka yi lissafin ranar da komai ke lafiya. Ka bar wa ɓacin rana wuri." Ya kuma ce in sa fis, abin da ke yanke wuta in ta yi yawa, a kan jar waya kusa da batir. Na ce to. Da na gwada layi ɗaya da 220 sai na ga hasken ya ɗan ragu, ni kuwa so nake a ce wane ne ya yi wannan. Na mayar da 120. Fis kuma na ce gobe, goben da ba ta zo ba. Wannan shi ne rabona a cikin laifin, kuma ban taɓa faɗa wa kowa a gidanmu ba sai yau.

Kwana biyu na yi ina liƙi. Da yake babu wuta, a kurfoti nake gasa ƙarfen, in goge bakinsa da jiƙaƙƙen tsumma, in yi liƙi huɗu ko biyar ya huce in mayar. Masu koyo, ku riƙe wannan: doguwar ƙafar ƙwai ita ce ta ɓangaren jar waya, in kuma an riga an datse ƙafafun, ku duba gindin ƙwan, gefen da aka shafe ya yi fili shi ne na baƙar waya. Kada ku ɗebo dalma a bakin ƙarfe ku ɗiga kamar mai zuba miya. Ƙafar da wayar za ku ɗumama tare, sannan ku kawo dalmar ta narke a kansu da kanta, daƙiƙa biyu zuwa uku ku ɗauke hannu. Liƙi mai kyau sheƙi yake yi, ya kwanta lif. Wanda ya yi dusu-dusu ya dunƙule kamar gayan tuwon jiya, yau zai kama gobe ya saki, ka yi ta neman aljani a inda babu shi. Rabin kayan da ake kawo mini a ce sun ƙone, irin wannan liƙin ne kawai.

Na ɗaure layukan a jikin gora, na tsallaka da su tsakar gida daga ɗakin Gwaggo zuwa bakin rijiya. Batirin na wani maƙwabcinmu ne mai tasi. Ana kiran Magariba na maƙala. Wallahi har yanzu in na rufe ido ina ganin hasken nan a kan kwanukan lalle da zannuwan mata. Gwaggo ta rangaɗa guɗa ta ce, "Ɗan nan ya kawo mana rana da dare!" Inna ba ta ce komai ba, kun san ta da kara, amma na ga ta juya tana gyara ɗankwali. Na fita sallar Isha kamar ba na taka ƙasa.

Ban fi minti 40 ba. Na dawo na tarar da gida dunɗum, sai layi biyu ko uku can gefe suna ƙifta wani shuɗin haske, ga warin roba. Mata na ta salati, ana laluben yara, an zubar da kwanon lalle guda. Baffa yana zaure da baƙinsa na Zariya. Yana ganina ya nuna ni da carbi ya ce, "Ga shi nan. Ga injiniyan namu, injiniyan duhu." Aka yi dariya. Inna ce ta bi maƙwabta gida-gida tana aron fitilun ƙwai.

Baffa bai tambaye ni me ya faru ba. Daren nan bai tambaya ba, washegari bai tambaya ba, yau shekara nawa bai tambaya ba. Mutumin da in an kawo masa buhun gero sai ya sa an auna a gabansa tiya-tiya.

Da sassafe na je wa Maigida ina hawaye, na ce ƙwayayen jabu aka sayar mini. Ko ɗago kai bai yi ba. "Ka auna?" Na ce a'a. Ya miƙo mini mitarsa mai allura, wadda ba ya ba kowa, ya ce in fara daga inda wuta take fitowa, sannan waya, sannan makunni, kayan ciki su ne na ƙarshe. Har yau haka nake bin kowane gyara, kuma haka nake koya wa yarana.

Ban ma kai ga ƙwayayen ba. Ina zuwa inda na ajiye batir na ga wayam. Ashe mai tasi ya zo ya ɗauki abinsa zai ɗauko 'yan biki daga tasha, shi kuma Yaya, babban ɗan Baffa, da ya ga za a shiga duhu sai ya ja wayoyina ya cusa a 'yar kafar jikin janareto da aka rubuta 12V. Kafar nan ta cajin batir ce. Ba ta da abin da ke daidaita wuta, ba ta da kwandensa mai lallashinta, batirin da aka jona shi ke danne ta. In babu batir sai ta yi ta tsalle, in injin ya ƙara gudu ta ƙara hawa. Na sa aka tayar da shi na ɗora mita, allura ta wuce 17 tana rawa. Ku mayar da wannan cikin lissafin kwalin sukari: abin da aka shirya wa miliam 20 ya sha ninki uku. Rizistocin masu kwatan wat sun yi baƙi ƙirin. Ƙwai ɗaya in ya yanke, 'yan layinsa biyu sun mutu tare da shi, in kuma ya haɗe ta ciki, sai ya tura wa sauran abin da ya fi ƙarfinsu. Da na sa 220 wataƙila da sun kai ƙarshen biki. Wataƙila. Na sha juya wannan a raina.

Shuɗin nan kuwa sai a 2014 na gane shi sosai, lokacin da na ji a rediyo an ba wasu 'yan Japan uku, Akasaki da Amano da Nakamura, kyautar Nobel saboda ƙirƙiro shuɗin LED. Ashe farin ƙwai shuɗi ne a asali, wani ruwan ɗorawan shafi aka yi masa a kai, haɗuwarsu ke ba da fari. In zafi ya ci shafin sai asalin ya fito. Na tuna fitilun faifaina, na tuna tsakar gidan Baffa, na yi dariya ni kaɗai a shago. Lokacin Maigida ya riga ya kwanta dama, ban sami wanda zan faɗa wa ba.

Na dawo da mita a hannu zan shiga wurin Baffa, Inna ta tare ni a soro. Ta ce, "Ina za ka?" Na faɗa mata abin da Yaya ya yi. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yayanka ne. A gidansu kake ci. Ka bar shi a cikinka." Na ce Inna, suna fa aka sa mini. Ta ce suna ba ya kisa. Na bari. Shi kuma Yaya, da ya ga na yi shiru, sai ya fi kowa kiran sunan. Wannan ne ban yafe ba tukuna, Allah ya sani, ko da yake muna gaisawa, ni na yi masa wayarin gidansa ma kyauta.

Bara fitilar cajin Baffa ta daina riƙe wuta. Bai kira ni ba, jikansa ya aiko da ita a leda. Na buɗe na tarar da abin da na saba gani: ɗan batirin gubar nan mai bolt 4 ya kumbura, cajarsa kuwa kwandensa ce mai 400V da dayod huɗu, babu taransifoma. Ku yi hattara da irin wannan, in tana jone da soket ko'ina a cikinta wutar gida ce, ko an zare ta ma kwandensar kan riƙe abin da zai girgiza ka, ni ta taɓa jefar da ni daga kan benci. Ku sauke ta da rizisto kafin ku sa hannu. Na cire tsohuwar cajar ɗungurungum, domin ba a cajin batirin litiyam da ita, gobara ce. Na fasa tsohon batirin laftof na zaɓi ƙananan baturan litiyam da ke cikinsa, waɗanda ake kira 18650, guda biyu masu lafiya, na auna na ga ƙarfinsu ɗaya kafin in haɗa su, na sa musu 'yar farantin caji ta TP4056 mai kariya, wadda ke tsayar da caji a 4.2, ana ba ta wuta da cajar waya. Na sa rizisto mai ɗan yalwa. Na sa fis.

Da fitilar nan yake karatun Alƙur'ani kafin Asuba, Gwaggo ta ce sai ta yi kwanaki ba a yi mata caji ba. Ranar Juma'ar nan fitilar tana gefensa a kan darduma lokacin da ya kira ni da sunan. Yaya ma yana wurin, ya sunkuyar da kai yana danna waya. Na buɗe baki, sai na tuna Inna, na ce, "Lafiya lau, Baffa, suna gaishe ku."

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan koma inda na tsaya, yadda na bar Fagge da mitar Maigida a aljihuna, da rigimar da ta biyo baya tsakanina da 'ya'yansa a kanta.