Sabon fenti ya karya darajar tsohon babur ɗina

Babur ɗin Honda CB750 ne ƙirar 1971, kuma tun ranar da aka shafe masa fentin tanki har yau ban huce ba. A ajiye na saye shi, ya yi shekaru ba a tashe shi ba. Aikin inji bai ba ni wahala ba. An wanke kafireta huɗun nan, an sa sababbin fulogi da batir, an juye tsohon mai, sai ga shi ya tashi. Duk wanda ya san wannan babur ya san dalilin da ya sa ake rububinsa. Lokacin da Honda ta fito da shi a 1969, da silinda huɗu da birkin faifai a gaba da sitata, kamfanonin Ingila irin su Triumph da BSA da Norton sun ji a jikinsu.

Tankin ne ya ja mini. Tsatsa ta ci cikinsa, sai na kai wa wani mai gyaran bodi na ce ciki kawai za a wanke a gyara. Bayansa jan fentin kamfani ne, ya koɗe ta sama inda rana ta dake shi, ga ɗan gogewa a gefe inda gwiwar mai shi na farko ta riƙa shafa. Da na koma ɗauka sai na tarar da tanki yana ta ƙyalli. Ashe bawan Allah ya bi shi da samfefa har ƙarfe, ya fesa sabo. Yana murmushi ya ce, "Yallaɓai, wannan kyauta na yi maka, ai bai kamata ka hau abu a koɗe ba." Na rasa ta cewa. Mutum ya yi don ya faranta maka, ta ina za ka fara faɗa?

Abin da bai sani ba, wancan koɗaɗɗen fentin shi masu saye suke zuba wa kuɗi. A Janairun 2018 kamfanin gwanjo na Bonhams ya sayar da babur Vincent Black Lightning ƙirar 1951 a Las Vegas kan dala 929,000, kuma ba a sabunta masa jiki ba, da tsufansa aka saye shi.  Nawa ko kusa bai kama ƙafar wannan ba, amma ido ɗaya ake duba su da shi. Samarin da suka yi sha'awar irin CB750 da Kawasaki Z1 a shekarun 1970 yanzu dattawa ne masu abin hannu, gwanjon intanet ya haɗa su waje guda, baburan kuma kullum raguwa suke. Wanda bai taɓa shan sabon fenti ba ya fi kowanne wuyar samu.

Na tabbatar da haka ranar da wani mai tara tsofaffin babura ya zo dubawa. Ya haska lambar inji da ta firam, ya leƙa salansa huɗun ya ga na asali ne, ya gyaɗa kai. Da ya zo kan tanki sai ya shafa shi da bayan hannu, ya ce, "Wa ya yi maka wannan ɗanyen aikin?" Tayin da ya yi bayan nan, ban ma tanka masa ba.

Yanzu ko noti zan kai gyara sai na ɗauki hotonsa, na faɗa wa mai aikin abin da zai taɓa da wanda ba zai taɓa ba, in da hali na tsaya a kansa. Duk abin da aka cire, ko ya ruɓe, a kwali nake adana shi, domin mai saye zai tambaya. Koɗaɗɗen fenti kuwa sabulu da ruwa da ɗan man goge jiki sun ishe shi.

Babur ɗin yana nan ban sayar ba. Ina cigiyar tanki ƙirar 1971 mai fentin kamfani, waɗanda na samu kuma masu su sun san abin da suke riƙe da shi, ba sa ragi ko kaɗan.