Godiya ga Likita da 'yan uwa masu kiwon tsuntsaye

Assalamu alaikum. A madadin 'yan uwa masu kiwon tsuntsayen ado, muna miƙa godiya ga likitan dabbobin da ya bar gidansa cikin dare ya ceto kokatil (wata ƙaramar tsuntsuwa dangin aku) ta ɗaya daga cikinmu, wadda ƙwai ya maƙale mata har ƙafafunta suka daina ɗaukarta. Likita, Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira. Haka nan waɗanda suka kawo mota, da waɗanda suka haɗa kuɗin magani ba tare da an roƙe su ba, Allah ya bar zumunci. Tsuntsuwar ta miƙe, tana ci tana sha.

Likita ya nemi mu isar da bayanin da ya yi mana ga kowa, domin yawancin masu kawo masa irin wannan matsala sai lokaci ya ƙure suke zuwa.

Mutane da yawa suna murna idan tsuntsuwarsu tana yawan saka ƙwai, suna ɗauka alamar lafiya ce. Ba haka ba ne. Macen ƙananan tsuntsayen keji irin su kokatil, baji, lofbad ko kanari tana iya yin ƙwai ko babu namiji, kuma kowane ɓawo daga kalsiyam ɗin jikinta, wato sinadarin da ke gina ƙashi, yake fitowa. Idan abinci bai wadatar ba, sai jiki ya ɗebo daga ƙashi. Wannan kalsiyam ɗin ne kuma tsokar mahaifa take buƙata wajen turo ƙwai. To, tsuntsuwar da gero da 'ya'yan sanfulawa kaɗai take ci, ga ƙiba, ga ba ta ganin rana, wata rana ƙwan zai zo da ɓawo mai laushi, ƙarfin turowa kuma ya ƙare. Sanyin hunturu yana ƙara tsananta abin.

Alamomin ba su ɓuya: za ta sauko ƙasan keji ta hura gashinta, ta buɗe ƙafafu, jela tana ɗagawa da sauka tare da numfashi, ƙasan cikinta ya kumbura, tana yunƙuri ba abin da ke fita, kashi ya ragu ko ya tsaya. Ƙaramar tsuntsuwa tana iya mutuwa cikin sa'o'i kaɗan a wannan hali. Kafin a isa wurin likita, a sa ta cikin ƙaramin kwali mai huji, a shimfiɗa tawul, a ɗumama wurin zuwa maki 29 zuwa 32 a ma'aunin Celsius, a ajiye kwanon ruwan zafi a kusa don tururi, inda ba za ta faɗa ciki ba. Don Allah kada a matsa cikin. Ƙwan da ya fashe a ciki yana yanka ta, ya kuma ruɓe ya kashe ta. Kada a ɗura mata mai a baki, yana iya bi ta hanyar numfashi. Likita ne zai yi mata allurar kalsiyam da ƙarin ruwa, ya ɗauki hoto ya ga inda ƙwan yake, in ta kama ya zuƙe ruwan ƙwan da sirinji don ɓawon ya lotsa ya fito.

Rigakafin ya fi tsayawa a kan haske. Doguwar rana ce ke gaya wa jikinta lokacin haihuwa ya yi, mu kuma muna barin keji a falo, fitila da talabijin suna kunne har sha biyun dare. A mayar da ita ɗaki mai duhu da shiru na sa'o'i 12 zuwa 14 kowane dare, ko a lulluɓe kejin da mayafi mai kauri, a bar hanyar iska. A cire akwatin sheƙa, madubi, takardun da take yagawa, da duk wani lungu mai duhu da za ta lafe. A riƙa sauya wa kejin wuri da tsarin sandunan ciki, tunda ba ta son yin sheƙa inda bai zauna mata ba. Wajen shafa ta kuwa, kai da wuya kawai. Shafa baya da ƙarƙashin fiffike a wurinta barbara ce, yara musamman a gaya musu wannan.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kwashe ƙwai da zarar ta saka. Kokatil tana saka ɗaya duk bayan kwana biyu har ta tara 4 zuwa 6. In an ɗauke, sai ta ci gaba da sakawa don ta cike gurbi. A bar mata su, ko a musanya da na roba, ko a dafa nata a huce a mayar, ta yi kwancinta na kusan mako uku har ta gaji ta tashi da kanta. Sannan a riƙa cire su ɗaya-ɗaya.

A abinci, a rage tsaba mai maiƙo, a shigo da abincin tsuntsu na kamfani sannu a hankali, da ganyen zogale da karas. A rataya farin ƙashin kifin tekun nan da ake sayarwa a shagunan tsuntsaye, ko a tafasa ɓawon ƙwan kaza na minti 10, a shanya, a daka lukui a barbaɗa ɗan kaɗan. Hantsi na minti 20 zuwa 30 a waje, da gefen inuwa, yana sa jiki ya samar da bitamin D3 da ke kama kalsiyam. Hasken da ya ratso gilashin taga ba ya wannan aikin. Masu son ƙyanƙyasa kada su haɗa baji kafin ta shekara, kokatil kafin wata 18, kuma kada a wuce kwanci biyu a shekara.

Wadda aka yi mata duk wannan ta ƙi dainawa, akwai allura da kuma ɗan maganin da ake dasawa ƙarƙashin fata da ke tsayar da saka ƙwai na wasu watanni. Wannan aikin likita ne kaɗai, kuma tsuntsuwar da ƙwai ya taɓa maƙale mata ita ya kamata a fara kai wa, domin abin yakan dawo.