Ramatoulaye da jan biron malamina

A shekarata ta biyu a jami'a aka ba mu jinga a kan littafin Mariama Bâ, marubuciyar nan ta Senegal, wanda ya fito da Faransanci a 1979. Mu fassarar Turanci muka karanta, So Long a Letter. Aka ce mu yi sharhi a kan halin Ramatoulaye, tauraruwar littafin. Na ce ai wannan tuwona maina. Uwar 'ya'ya goma sha biyu, tana zaman takaba a Dakar, carbi a hannu, tana rubuta wa aminiyarta Aissatou doguwar wasiƙa. Ko a layinmu akwai irinta. Na cika shafi huɗu da yabon haƙurinta: mijinta Modou ya auri Binetou, ƙawar 'yarsu Daba, ya ƙaurace wa gidan shekara biyar har ya rasu, ita kuwa ko saki ba ta nema ba.

Takardar ta dawo da jan biro a ƙasa: "Wannan wa'azi ne. A ina ta canza?"

Na bi malamin har ofis raina a ɓace. Na ce, "Malam, ai mai tsoron Allah ba ta canzawa." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Je ki karanta inda ta gano 'yarta na da ciki, ki dawo."

Ashe wurin da na bi da gudu ne, don ya yi mini nauyi. Farmata, maƙwabciyar Ramatoulaye mai duba da wuri, ita ta fara ankarar da ita cewa 'yarta Aissatou, wadda takwarar aminiyarta ce, tana ɗauke da cikin wani ɗalibin jami'a, Ibrahima Sall. Farmata ta zauna jiran kururuwa da tsinuwa. Ramatoulaye ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige, fushi ya taso mata har wuya. Sai ta tuna Allah, ta tuna yadda yarinyar nan ta tsaya mata lokacin da Modou ya juya musu baya, ta jawo ta ta rungume. Wasu 'yan ajinmu sun ce ta ɗaure wa ɓarna gindi. Ban yarda ba. Ba ta ce abin daidai ne ba, ta dai ƙi haɗa wa 'yarta zafi biyu. Kuma ita ce ta lura cewa yarinyar za a iya kora daga makaranta, saurayin kuwa ba mai taɓa shi.

Daga nan na koma baya, na ga abin da ya wuce ni. Bayan sadakar arba'in, Tamsir, yayan mamacin, mai mata uku, ya zo da liman yana neman aurenta. Su ne dai suka kawo mata labarin kishiya a da, ta karɓe su da murmushi har da godiya. Wannan karon ta wanke shi tas a gaban liman. Daouda Dieng ma, likita kuma ɗan majalisa, wanda ya so ta tun suna matasa, ta ƙi shi, cikin dalilanta har da gudun ɗora wa matarsa abin da aka ɗora mata. Sallarta ba ta ragu ba, takabarta ba ta karye ba. Shirun da na yi ta kira haƙuri ne ya ƙare, kuma rabinsa tsoron bakin mutane ne, ni na shafa masa fentin addini saboda haka na saba gani a gida.

Na sake rubutun, shafi biyu kacal, kowace magana da lambar shafin da na ɗauko ta. Malam ya karanta a tsaye, ya miƙo mini ya ce, "Da dama-dama. Amma kin tsallake ranar da ta kama 'ya'yanta mata uku suna shan sigari a ɗaki."