Yadda na zaɓo jak ɗin da zai shiga ƙarƙashin mota mai ƙasa

Duk mai Honda Accord ƙirar 2003, wadda muke ce wa EOD, ya san motar nan ƙasa gare ta tun daga kamfani, balle kuma ace ta shekara da shekaru tana bin burji da rairayi irin na wajenmu, sifirin ya saki shokzoba ta gaji, sai kaga cikinta ya ƙara kwantawa. Ni a wani ƙauye nake a ƙasar Ringim, ina koyarwa a firamare, kuma bakaniken da na yarda da aikinsa sai na shiga gari nake samunsa, shi yasa ƙananan ayyuka irin su juye baƙin mai, canza birki fad, mayar da tayoyin gaba baya, duk a ƙofar gida nake abina ranar da babu makaranta. Abinda ya daɗe yana hana ni sakat shine ɗaga motar.

Jak ɗin da take zuwa dashi a but, na almakashin nan da ake murɗawa, an yi shi ne don ka canza taya a bakin hanya ka wuce, gindinsa ɗan ƙarami ne, a rairayi ko ya nutse ko ya karkace. Maƙwabcina mai akori-kura yana da jak mai kwalba, ƙarfi kam ba a magana, amma in ka sauke shi duka tsayinsa yana kai santimita 18, ina zai shiga? Saura kenan mai tayoyi da dogon hannu, wanda makanikai ke kira kada, kuma shima ɗin ba kowanne ba.

Kafin in tafi kasuwa na ari tef wajen kafinta na kwanta na auna. A gefen mota, ɗan bayan tayar gaba da ɗan gaban tayar baya, akwai inda kamfani ya ƙarfafa ƙarfen saboda jak, in ka leƙa zaka ga alama a jikin bakin ƙarfen. Daga ƙasa zuwa nan ya bani wajen santimita 15. Sai na sace iskar taya ɗaya duka tunda ina da famfo a gida, na sake aunawa, ya dawo wajen 9. Wannan awon na biyu shine na gaskiya, domin ranar da kafi buƙatar jak ai ranar da taya ta yi faci ce. Lissafin ma a fili yake, taya mai lamba 205/60 tsayin gefenta wajen santimita 12 ne, iska na fita yawancin tsayin nan ya tafi, motar ta zauna.

Akwai awo na uku da mutane basu cika tunawa dashi ba, wato nisa. In kana so ka ɗaga tayoyin gaba biyu lokaci guda dole kan jak ɗin ya isa ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin inji, shi kuma yana can ciki nesa da bamba. Wani jak ɗin bakinsa ne kawai gajere, kana tura shi taƙi ɗaya sai jikinsa ya yi tozo ya daki bamba ya tsaya, kan nasa bai kai ko'ina ba. Don haka na auna tsayin bamba daga ƙasa, na auna nisan ƙarfen nan daga bamba, na rubuta a takarda na sa a aljihu.

Da motar na shiga Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa. Mai shagon da na tsaya wajensa tambayar farko da ya min itace, "Malam tan nawa kake so? akwai mai biyu akwai mai uku." Nace "Alhaji ni wanda zai shiga nake nema," na fiddo tef, yace to bismillah auna abinka. Maganar tan ɗin nan ita kowa ke kallo saboda ita aka rubuta ɓaro-ɓaro a jikin kwali, alhali ga ƙaramar mota ba nan gizo ke saƙar ba. EOD gaba ɗayanta wajen tan ɗaya da rabi ce, kuma ba duka kake ɗagawa ba, gaban da ke ɗauke da inji da giyabos ma bai kai tan ɗaya ba, kaga mai tan biyu ya isa har da rara. Mai uku ba laifi bane, yawanci ma ya fi faɗin gindi ya fi tsayuwa da kyau, amma in bai shiga ƙarƙashin motar ba ko tan goma ne me zai maka.

Ƙananan nan masu araha da ke zuwa cikin akwatin roba, in an sauke su duka suna tsayawa a santimita 13 zuwa 14, in an ɗaga su ƙarshe basa wuce 33 ko 34. A tawa motar da ƙyar zai shiga in taya na da iska, in ta yi faci kuwa sam, sannan ɗagawar tasa ma bata isa ka sa sitan, wato ƙarfen nan mai ƙafafu da ake tokare mota dashi, ka shiga ƙarƙashi ka sake ba, domin kafin taya ta bar ƙasa sai sifirin ya gama miƙewa tukuna, rabin ɗagawar anan take ƙarewa. Masu kwantaccen baki da aka yi musamman don mota mai ƙasa su kuma suna farawa daga santimita 7 da rabi zuwa 9, su ɗaga har wajen 50. Kuɗinsu ya ninka na ƙananan, na jima ina juya abin a raina wallahi, albashin malamin firamare kowa ya san shi, amma takardar aljihuna ta riga ta yanke hukunci.

Akwai na alminiyom mara nauyi, akwai na ƙarfe da ya haura kilo 30. Na ƙarfen na ɗauka saboda ya fi sauƙin kuɗi, a gida zai zauna ba yawo zan yi dashi ba, kuma in wani abu ya tsage mai waldan garinmu zai iya kama shi. Na kuma zaɓi mai famfo biyu. Dalili, in ka tura jak can cikin mota mai ƙasa hannun baya samun filin hawa da sauka, bamba ke tare shi, sai ɗan guntun bugu kake yi, to mai famfo ɗaya zaka yi ta bugawa har ka gaji motar bata motsa ba, mai biyu kuwa kowane ɗan bugu yana tura mai da yawa.

Da sabo da na Beljiyam duk na duba, na hannu mai kyau ba abin rainawa bane in baya yoyo. Abinda na roƙi mai shago shine ya bari in gwada a jikin motata, ya yarda, yaronsa ya turo shi waje muka ɗaga gefe ɗaya na auna da tef, muka tafi sallar azahar muka dawo na sake aunawa, bai sauka ko kaɗan ba. Jak ɗin da robar cikinsa ta mutu a hankali yake sulalewa, ba zaka gane ba sai ka bashi lokaci. Na shafa hannu a bakin silinda babu danshin mai, na duba walda, na juya tayoyin, sannan na murɗa hannun kaɗan-kaɗan in ga yadda yake saukewa, wanda ke sakin mota tim lokaci ɗaya bana son sa ko kyauta ne.

To sai maganar ƙasa, wadda mu mutanen karkara ta fi shafa. Ƙarfen da ke ɗaga motar a jak irin wannan ba miƙe yake tashi sama ba, yana tashi yana lanƙwasowa baya, saboda haka dole shi jak ɗin ya riƙa gangarawa cikin motar kaɗan-kaɗan yayin da kake bugawa, amfanin tayoyin kenan, ba don turawa kawai aka sa su ba. A kan siminti wannan ba matsala bane. A rairayi kuwa tayoyin nutsewa suke su kafe, jak ya kasa matsawa, sai ya koma jan motar zuwa wajenka ko kansa ya zame daga inda ka ɗora shi, kuma zamewar nan bata sallama. Ƙofar gidana yashi ne zalla, shi yasa kafin jak ɗin ya taɓa aiki na sa kafinta ya haɗa min faffaɗan katako mai kauri wanda ya fi jak ɗin tsawo da faɗi, mai walda ya shimfiɗa masa falan ƙarfe a sama don tayoyin su samu gudu. Sai dai kaurin katakon ma yana cin santimita 4 ko 5 daga ɗan filin da kake dashi, to ni ɗan tone yashin nake in binne shi ya yi daidai da ƙasa, ko kuma in hau da tayoyin motar kan wasu guntayen katakai masu irin wannan kaurin, shikenan abinda ya ci ya dawo.

Kan jak ɗin ƙarfe ne, bakin ƙarfen gefen mota kuma siriri ne, in ka haɗa su kai tsaye lanƙwashewa yake, fenti ya ɓare, damina ta zo tsatsa ta kama. Gefen tsohuwar tayar babbar mota na yanko mai kauri na tsaga tsakiyarsa na ɗora. Kuma dan Allah kar a ɗora jak a botom filet, wato kaskon man inji, ko salansa ko daɓen ƙarƙashin kujera don kawai nan ne ya shiga, na sha ganin motoci a gareji da cikinsu ya lotsa saboda haka.

Abinda ya fi damuna a duk harkar nan shine yadda ake shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai. Duk tsadar jak, abinda ke riƙe da motar ɗan mai ne da 'yar roba, ranar da ta fashe babu sanarwa, kuma mota mai ƙasa in ta sauko babu sauran fili tsakanin cikinta da ƙirjin mutum. Bulon siminti ma da ake tarawa ba abin yarda bane, cikinsa rami ne, farfashewa yake farat ɗaya. Na ga yara masu koyon aiki 'yan shekara 14, 15 kwance ƙarƙashin mota akan bulo biyu, raina yana ɓaci sosai, 'ya'yan mutane ne aka kawo amana. Ranar da na sayi jak ranar na sayi sitan guda biyu na ƙarfe, na duba wanda gajartarsa zata shiga motata shima. Ƙanina da ke taya ni aiki ya san tsarin, a sa giya a P, a ja hambirki, a dafe tayoyin da ke ƙasa da dutse gaba da baya, a sassauta noti tun motar na ƙasa, a ɗaga, a sa sitan kowanne kan katakonsa, a sauke motar ta zauna akansu, a girgiza ta da hannu a gani, tayar da aka cire a tura ta ƙarƙashin gefe, sannan kai ya shiga.

Kula dashi ba wuya. In na gama ina sauke jak ɗin duka don sandar silinda ta koma ciki, in rufe shi da buhu a zaure saboda ƙurar hunturu, ita ke cinye robar. In mai ya ragu man haidirolik ake ƙara masa, kar a kuskura a zuba man birki, kumbura robar yake ya kashe ta. In kaji yana bugawa lagwaf-lagwaf baya ɗagawa sosai yawanci iska ce ta shiga, sai ka kwance hannun kamar zaka sauke, ka buga shi sau da yawa a haka, ka buɗe 'yar murfin man iskar ta fita ka mayar.

A but kuwa har yanzu na almakashin ne nake yawo dashi, na haɗa masa da katako biyu, ɗaya faffaɗa na gindinsa, ɗaya mai gangare da kafinta ya fere min, in taya ta yi faci a hanyar Gujungu ko Taura sai in hau kansa da tayar da ta sace, motar ta ɗan tashi jak ya samu wurin shiga.