Simintin da ya cinye bangon lakwal ɗinmu

Duk wanda zai taɓa tsohon ginin ƙasa a garin nan na Damagaram, kafin ya rubuta ko dala ɗaya a takardar lissafi, ya ɗauki guntun ƙarfe ya bi bangon yana ƙwanƙwasawa tun daga gindi har inda hannunsa ya kai. In ya ji sauti a cike, madalla. In ya ji yana amsawa fanko, to ya ajiye alƙalami tukuna. Mu lissafin gyaran tsohon ginin makarantarmu da muka karanta a gaban taron tsofaffin ɗalibai, aka yi tafi aka yi fatiha, bai kai azahar ɗin ranar farko ta aiki ba.

Ginin azuzuwa biyu ne da baranda, a kusurwar filin makarantar da na yi firamare, inda kuma na dawo na koyar har na yi ritaya. Tsofaffin unguwa sun ce an ɗora shi tun Damagaram tana riƙe da mulkin ƙasar Nijar, kafin Nasara su kwashe komai zuwa Yamai a 1926. Maginan Birni, tsohuwar unguwar garin, ne suka yi shi da tubali, masu ɗaukar ƙasa da ruwa kuwa ƴan aikin tilas ne, wanda ba a soke shi ba sai 1946. Kakana yakan ce a lokacin in an ji za a ɗebi yaran lakwal, wato makarantar boko, uwa a rumbu take ɓoye ɗanta. Kaurin bangon a gindi ya fi kamu biyu, yana tsukewa yana hawa, tagoginsa can sama kusa da rufi don kada yaro ya leƙa waje.

Bayan samun ƴancin kai a 1960 aka yi ta ƙara azuzuwan bulo, shi kuma aka bar shi ga duk wanda ke neman ɗaki. An yi yaƙi da jahilci a cikinsa da fitilar ƙwai. Zamanin Shugaba Kunce ƴan ƙungiyar matasa ta Samariya sun ajiye gangunansu da kujerun taro. Shekarar yunwar El-Buhari, 1984, buhunan hatsin taimako aka jibge har rufi, layin mata ya kai bakin titi. A 1993 nan aka kafa akwatin zaɓe, shekarar da Mahaman Usman ya hau mulki. Daga nan sai karyayyun bencina da awakin maƙwabta. A cikin waɗannan shekarun ne wani mai niyyar alheri ya zo ya yi masa “gyara”: ya shafe shi da siminti ciki da waje, ya zuba daɓen kankare, ya sauke rufin soro ya kafa kwano, ya toshe indararo, ya shafa fenti ruwan ƙwai. Na tabbata an yi masa godiya da addu'a.

Daminar 2024 ce ta tayar da mu. Ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin Birni ya zube, wanda ya haura shekara 150 a tsaye, kowa ya ga bidiyon. Gidaje suka yi ta faɗuwa, aka tsugunar da iyalai a makarantu, har gwamnati ta ɗage komawa lakwal zuwa 28 ga Oktoba. Da mutane suka tashi, yara suka dawo sun fi ƙarfin azuzuwa, aka fara zancen kafa runfar kara. Ni kuwa tun gobarar Maraɗi ta 2021, da ta ci yara sama da 20 a irin waɗannan runfuna, ba na son ko jin sunanta. Na ce ga gini nan a tsaye, tsaga ɗaya ce a bangon gabas. Muka buɗe zaure a WhatsApp, na Yamai da na Agadas da na Kano suka turo abin da ya sawwaƙa. Ɗan kwangila ya zagaya ginin hannu a aljihu, ya ce a cike tsaga, a canza kwano, a sake fenti, shi ke nan.

Wani dattijon magini da ke sallah a masallacinmu ne ya biyo ya ga ana sauke yashi. Bai ce wa kowa komai ba, ya karɓi guduma a hannun yaro ya bi bangon gabas. Ya tsaya, ya sake bugawa, ya dube ni, ya kira ni da sunan da ake kiran malaman lakwal.

“Mushe, wannan ba bango ba ne, riga ce ba mai ita.”

Na ce, “Baba, kamar yaya?”

Ya sa bakin guduma a tsagar ya ɓanɓaro falle guda mai faɗin faifai. Ƙasa ta zubo masa a ƙafa, gari lilis, da sanyinta, ga wani farin gishiri-gishiri a bayan simintin, ga hanyoyin gara sun yi rassa sun hau sama. Ya tura hannu, hannun ya shige har gwiwa. A watan sanyi fa, ruwan sama ya ɗauke tuntuni.

Abin da ya fahimtar da ni a tsaye a wurin, wanda ya kamata a ce duk mai rabon kuɗin gyara ya sani, shi ne ginin ƙasa yana shan danshi daga ƙasa yana fitar da shi ta jikinsa, iska ta kwashe. Da ka rufe shi da siminti ciki da waje, ka kuma danne daɓe da kankare, danshin ba shi da mafita sai cikin tubali. Siminti da laka kuma ba sa miƙewa tare in rana ta buga, dole su rabu, ya tsage siriri, ruwan da ke zuwa daga gabas ya shiga, ya kasa fita. Gara ta samu duhu da laima ba mai ganinta. Daga waje kuwa fes, har ka ce ginin jiya ne. Shekara da shekaru muna wucewa muna cewa ai wannan ya fi sauran ƙwari tunda an yi masa siminti.

Abin da ya fi ƙona mini rai sai da aka kai saman ƙofa. Ashe akwai zanen magina a wurin, irin dagin da ake gani a fuskar gidajen Birni. Don siminti ya kama, masu wancan gyaran sun sassare shi da gatari, sun kafa ƙusoshi, sun ɗaura waya. Ƙusoshin sun yi tsatsa sun kumbura sun ƙara farfasa abin da ya rage. Kusurwa ɗaya kawai ta tsira, da ita dattijon ya gane yadda sauran yake ya mayar.

Kuɗin aiki ya kusa ninkawa, na koma zauren WhatsApp da hoton hannu a cikin bango, don baki ba zai iya ba. Wasu sun ƙara, wasu sun yi shiru, wani ya rubuta cewa a rushe kawai a yi bulo. Wani Alhaji, mutumin kirki, ya aiko da buhunan siminti a amalanke. Na je har gida na durƙusa na ce, “Alhaji, Allah ya saka da alheri, amma wannan shi ne ciwon da muke jinya.” Bai ji daɗi ba. Simintin nasa ya tafi ga masai da kwatar da ta janye ruwa daga gindin gini, kuma can ya yi amfani ƙwarai.

Aikin kansa ba ya son gaggawa. An tokare rufi, ana cire ruɓaɓɓen gindi kamu biyu-biyu, a cike da sabon tubali, a bar shi ya sha iska kafin a matsa gaba. Ka buɗe da yawa lokaci guda, bango ya zauna maka a ka. Ƙasar kuma sai an cuɗa ta da ciyawa da kashin dabbobi, an bar ta ta kwana biyu ta ruɓa. A nan ne ruwa ya ci mu, abin da ɗan Damagaram bai kamata ya manta ba: famfo ya yi kwanaki bai zo ba, sai jarkokin ƴan garuwa, kuma laka ba ta jin rarrashi. Duk mai irin wannan aiki ya fara da an gama girbi, tun tabkuna ba su ƙafe ba, ya kuma ware wa ruwa layinsa a lissafi.

Makuba mata suka haɗa mana da ɓawon ɗorawa, aka yi yaɓen waje da ita. Kan bango da gindin tagogi aka sa laso, yaɓen da ake haɗawa da katsi daga marina da gashi daga majema. Azarar giginyar da ke kan ƙofofi da tagogi muka tarar lafiya lau, gara ta zagaye ta ta ci katakon da aka kawo zamanin kwano. Rufin soro dai bai dawo ba, kuɗi bai kai ba, azara ta yi wuya, kuma dattijon da kansa ya ce soron da ba a hawa duk shekara a duba shi kabari ne. Muka bar kwano, muka tsawaita bakinsa ya rufa wa bango, aka yi silin da tabarma. Daɓen kankare aka fasa gefensa kewaye da bango, aka cike da tsakuwa da ƙasa.

Da bazara ta kama, malamai har gardama suke a kan wa za a ba ajin, don na bulo da rana tsaka ba a zaunuwa. Masu cewa a rushe sun daina magana, amma ba wanda ya ce zai ɗauki nauyin yaɓen bangon gabas da za a riƙa yi kafin kowace damina, kuma na san ranar da aka gaji, wani zai sake kawo shawarar siminti. Na sa an rubuta a littafin kwamitin makaranta cewa ba a yarda ba, darakta ya sa hannu. Bangon arewa har yanzu da simintinsa, na ƙwanƙwasa shi wurare uku suna amsawa, za a ɓanɓare shi in an cire amfanin gona.