Karen Monreyal da karen gidanmu na Birni

Sanyin bana ya shigo Damagaram da ƙarfinsa tun farkon Disamba. Daren jiya da na fito tsakar gida na tarar da karenmu, Ƙyale-su, ya dunƙule a kan buhun algarara a lungun zaure, sai hutun ƙarshen shekarar da na yi a birnin Monreyal na ƙasar Kanada ya faɗo mini a rai, domin a can ne na fara zama gida ɗaya da karen da ba gadi yake yi ba.

Karatu ne ya kai ni, na kama hayar ɗaki a gidan wata dattijuwa da mijinta ya rasu, wadda ba ta da abokin zama sai wani baƙin kare irin wanda ake kira Labrador. Tun ranar farko na shaida mata cewa ba na son ya shiga ɗakin da nake salla, ta girmama wannan buƙata, kuma ba a taɓa saɓawa ba. Da Kirsimeti ta ƙarato, sai ta shirya tafiyar kwana goma wurin 'yarta a birnin Kebek, ta roƙe ni in kula mata da karen. Ban iya cewa a'a ba, saboda ita ce ta yi jinyata lokacin da mura ta kwantar da ni a watan Nuwamba.

Wanda bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, da wuya ya gane nauyin wannan amana. Dusar da ke sauka a Monreyal cikin shekara takan kai kimanin mita biyu in aka tara, rana tana faɗuwa jim kaɗan bayan ƙarfe huɗu na yamma a watan Disamba, kuma akwai safiyar da ma'aunin sanyi ya sauka zuwa digiri 20 ƙasa da sifili. Gidan ba shi da tsakar gida irin tamu, saboda haka dole ne a fitar da karen sau uku a yini, yana ɗaure da igiya kamar yadda dokar birnin ta tanada, kuma mai shi ne zai kwashe ƙazantar da ya yi a kan hanya. Ni ina fita cikin riguna huɗu da safar hannu ina rawar ɗari, shi kuwa da ya ga farin fili sai ya cusa hancinsa cikin dusar, ya yi birgima, ya tashi yana kakkaɓe jiki. Gashinsa hawa biyu ne, na ciki mai laushi yana riƙe ɗumi, na waje yana hana ruwa shiga, domin kakanninsa karnukan masunta ne a tsibirin Niyufanlan.

Abin da ya fi cutar da shi gishiri ne. Hukumar birnin tana watsa gishiri a kan tituna don ya narkar da ƙanƙara, wannan gishirin kuma yana cin tafin ƙafar kare har ya tsage kamar fason da hunturu ke yi wa diddigenmu. Ga kuma dusar da ke daskarewa tsakanin yatsunsa ta zama 'yan ƙwallaye masu tauri. Wani dare muna dawowa daga gindin tsaunin Mon-Ruwayal, sai ya tsaya cik, ya ɗaga ƙafar gaba, ya ƙi takawa, yana kallona. Na durƙusa a gefen hanya, na riƙe ƙafar cikin safar hannuna har ƙanƙarar ta narke, sannan muka ƙarasa gida a hankali. Daga wannan dare ban sake shigar da shi ba sai na wanke masa ƙafafu da ruwan ɗumi, na shafa musu man da dattijuwar ta bar mini.

Kwanakin bikin ma suna da nasu hatsarin. Maƙwabta sun kawo mini shokola da gurasa mai zabibi, kuma dattijuwar ta riga ta gargaɗe ni cewa duka biyun guba ne ga kare, haka ma dafaffen ƙashin talo-talo, wanda ke farfashewa ya soke hanji. A daren shiga sabuwar shekara kuwa, da aka fara wasan wuta, sai ya ɓuya ƙarƙashin tebur jikinsa yana ɓari, na zauna kusa da shi har ƙarar ta lafa.

Da na dawo gida na dubi karenmu da wani ido dabam. Sanyinmu bai kai na daskarar da ruwa ba, amma jaurar asuba a watan Janairu tana ratsa ƙashi, har mutane kan kwana da kaskon garwashi a ɗaki. Karnukanmu kuma sirara ne, gashinsu gajere, an halicce su don zafi, ba su da kitsen da zai kare su. Shekaru Ƙyale-su yana kwana a kan ƙasa mai sanyi yana tsare mana awaki, ladansa ƙanzo da ragowar tuwon hatsi, kuma ni kaina ban taɓa tambayar inda yake kwana ba. A ganina wannan sakaci ne, ba ya cikin addini kuma ba ya cikin al'ada, tunda wanda ya ajiye dabba don amfaninsa haƙƙinta yana wuyansa.

Ranar da na fara shimfiɗa masa buhu, Inna ta dube ni ta ce: "Kai ɗan nan, yanzu har kare ma sai an yi masa shimfiɗa?" Kafin in amsa, Baba da ke zaune a kan buzunsa ya tuna mata hadisin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Ba ta ƙara magana ba, kuma washegari ita ce ta ciro wani tsohon bargo ta ce a ƙara masa.

Yanzu kowace yamma, bayan magariba, ƙanena yana kakkaɓe buhun da bargon, yana kuma sauya ruwan kwanonsa, domin ƙurar hunturu tana rufe ruwan kafin azahar, kuma iskar tana busar da maƙogwaro ko da ba a jin zafi. Cikin gida bai shiga ba har yau, iyakarsa zaure, ta gefen da bango ke tare iskar gabas. Ranar Alhamis mai zuwa zan kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafin haukan kare, wadda lokacinta ya yi tun watan jiya.